Kafofin rauni 612, mu kuma mutum uku: wanne za mu fara toshewa?

Ɗan Agege

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki. Ina sashen kwamfuta na wani matsakaicin kamfani a Ikeja da ke raba na'urorin POS, kuma galibin abokan cinikinmu 'yan Arewa ne, dillalan tumatir da albasa na kasuwar Mile 12 da masu dabbobi na Alaba Rago. A makon jiya ne masu binciken tsaro da muka ɗauka haya suka miƙo mana rahotonsu, inda suka lissafa kafofin rauni 612, wato ɓarakar da masu kutse za su iya bi su shigo, a cikin na'urorinmu da manhajojinmu, 48 daga ciki kuwa an shafa musu jan launi domin makinsu na CVSS, ma'aunin munin rauni daga 0 zuwa 10, ya kai 9.0 ko ya haura. Mu uku ne kacal a sashen, kuma mu ne dai ake kira idan firinta ta ƙi aiki.

Shugaban kamfani ya duba shafin farko, ya ce magana ta ƙare, a fara daga mai maki mafi yawa a gangaro ƙasa. Abin da ya hana ni sakewa shi ne, rauni na ɗaya a jerin, mai maki 9.8, yana kan wata tsohuwar kwamfuta ce a ɗakin gwaji wadda ba ta kan intanet, alhali shafin da wakilanmu suke shiga da kalmar sirri kullum yana da rauni mai maki 7.5 wanda ya faɗo can wajen lamba ta ɗari da wani abu. Idan muka bi jerin yadda ya zo, ba za mu isa gare shi ba sai bayan wata biyu. Ga kuma babbar kwamfutar da ke sarrafa biyan kuɗi, wadda muke kira saba, ba a iya kashe ta don a saka faci, wato gyaran da masu manhaja ke fitarwa domin toshe rauni, ba tare da an tsayar da ciniki ba, kuma mutanenmu tun kafin asuba suke fara sauke kaya.

Ta yaya kuke tsara wanda za a fara gyarawa? Kuma da wace hujja zan fuskanci shugabana idan na saɓa wa jerin da ya biya kuɗi aka kawo masa?

Injiniyan Yaba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da zuciyarka ta raya maka daidai ne, sai dai ka san dalilinsa domin ka iya kare shi a gaban mai gida.

Makin CVSS yana auna munin rauni ne idan an yi amfani da shi, ba ya auna yiwuwar a yi amfani da shi a kanku, kuma ƙungiyar FIRST da ke kula da wannan ma'auni ita ma tana faɗin haka. Wanda ya ba rauni maki 9.8 bai san ko kwamfutar taku tana fuskantar intanet ko tana kulle a ɗakin gwaji ba, bai san ko bayanan katin mutane ne a cikinta ko jadawalin hutun ma'aikata ba. Kamar a ce mai gyaran makulli ya zagaya gidanka ya rubuta cewa kwaɗon ɗakin tarkace ya fi kowane kwaɗo ruɓewa. Gaskiya ya faɗa, amma tagar ɗakin da kake ajiye kuɗi, wadda ke kallon titi, ita ce ta fi bukatar a kira mai walda yau, ko da tsatsa kaɗan ta yi. A watan Afrilun 2014, lokacin da aka gano raunin Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke sirranta bayanan da ke kai da komo a intanet, maki 5.0 kacal ya samu a ma'aunin wancan zamani, wato matsakaici, alhali da shi ana iya tsamo kalmomin sirri da makullan sirri daga cikin saba ba tare da an bar sawu ba. Wanda ya bi jerin maki a wancan makon ya bar ƙofarsa a buɗe.

Ni tambaya uku nake yi wa kowane rauni, kuma da gangan nake jera su haka. Ta farko, shin masu kutse suna amfani da shi yanzu haka a duniya? Wannan ba sai ka yi hasashe ba. Tun watan Nuwamban 2021 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta buɗe kundin da ake kira KEV, wanda ba a saka rauni a cikinsa sai an tabbatar an kai hari da shi, kuma kyauta ne ga kowa. An buga lambobin CVE, wato lambar shaidar da ake ba kowane rauni da aka bayyana, sama da 40,000 a shekarar 2024 kaɗai, amma waɗanda ke cikin wannan kundi gaba ɗayansu, tsofaffi da sababbi, ɗan ƙaramin kaso ne na wannan adadi. Ka ɗauki rahotonku ka gwama lambobin da kundin, aikin rabin yini ne, za ka ga 612 ɗin nan sun tsuke. Waɗanda ba su shiga kundin ba kuma sai ka duba musu EPSS, wanda shi ma na FIRST ne, yana ba da ƙiyasin yiwuwar a yi amfani da rauni cikin kwana 30 masu zuwa. Ƙiyasi ne, yana sauyawa kullum, don haka ban ɗauke shi hukunci ba, amma yana taimakawa wajen raba 48 ɗin da duk suka sha jan launi iri ɗaya.

Ta biyu, shin ɓarawo yana iya kai hannu wurin? Duk abin da ke fuskantar intanet kai tsaye, shafin shigar wakilai, na'urar VPN da ake bi a shiga layin kamfani daga waje, katangar tsaro mai tace shige da ficen layi, sabar wasiƙu, manhajar tura fayil, ina ɗaga shi sama ko da makinsa bai kai na wasu ba, domin masu kutse ba sa zaɓen kamfani da suna, na'urori suke sakewa su zagaye adireshin intanet na duniya dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofofi. A ƙarshen watan Mayun 2023 gungun masu kutse na Cl0p sun kwashi bayanan kamfanoni da hukumomi masu ɗimbin yawa ta raunin manhajar MOVEit, wadda aikinta shi ne zama a bakin intanet tana karɓar fayil. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma bangon waje ya fara hawa.

Ta uku, mece ce asarar idan an shiga? A nan ne harkar kasuwancinku take shigowa, kuma a nan ne babu wata manhajar bincike da za ta yi maka aikin. Sabar biyan kuɗi, ma'ajiyar bayanan wakilai da lambobin BVN ɗinsu, da na'urar da ke riƙe da izinin shigar ma'aikata duka, waɗannan su ne ɗakin kuɗi. Raunin da ya haɗa amsa uku, ana kai hari da shi, ana iya isa gare shi, kuma abin da ke bayansa mai tsada ne, ba ya jiran ƙarshen wata. Cikin kwanaki ake gama da shi. Wanda ya haɗa biyu ya biyo baya. Ragowar a saka su cikin gyaran wata-wata, wanda ya fi sauƙi a ɗaura shi da Talata ta biyu ta kowane wata, ranar da Microsoft ke fitar da facinsa.

Za ka kuma tarar cewa da yawa daga cikin 612 ɗin rauni ɗaya ne da ya maimaitu a kwamfutoci talatin, kuma faci guda yana share su gaba ɗaya. Ka ƙirga aikin da faci, kada ka ƙirga shi da layukan rahoto.

Hajiya ta Marina

Na yarda da yawancin abin da Malam Injiniya ya faɗa, amma tunda ƙanena yana harkar katin biyan kuɗi ne, akwai igiyar da ke ƙafarsa wadda ba a ambata ba. Ni a sashen bin ƙa'ida nake aiki a wani banki, kuma irin takardunku ne suke zuwa teburina.

Ƙa'idar PCI DSS, wadda kamfanonin katin biyan kuɗi suka gindaya domin kare bayanan kati, ta ce facin raunin da ya kai matakin mafi haɗari a saka shi cikin wata ɗaya da fitowarsa a duk na'urar da ke cikin da'irar bayanan kati. Haka kuma duk wata uku dole wani mai bincike da aka amince da shi ya binciki abin da kuka baje a intanet daga waje, kuma a wannan binciken rauni mai maki 4.0 ma yana iya kayar da ku. Saboda haka kada ka je wa shugabanka da maganar cewa maki ba shi da amfani, domin ranar da bankin da kuke aiki ta hannunsa ya nemi takardar shaida, makin ne za a duba. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne, ƙa'idar da kanta ta nemi kowane kamfani ya ba raunuka daraja bisa haɗarinsu a wurinsa, to tsarin Malam Injiniya bai saɓa mata ba, matuƙar a rubuce yake kuma kullum shi ake bi, ba a sauya shi duk lokacin da aiki ya yi yawa.

Game da hujjar da za ka kai wa mai gida, kada ka yi masa maganar CVE, ka yi masa maganar naira. Ka zauna da mai kula da kuɗi da mai kula da wakilai, ku fitar da kuɗin da ke bi ta na'urorinku cikin awa ɗaya da safe, da ladan da kamfani ke samu a ciki, da adadin wakilan da za su ɗauko na'urar wani kamfani daga aljihun tebur idan taku ta yi shiru yini guda, domin kusan duk mai POS a Legas yana da ta biyu. Sannan ka tuna masa da Dokar Kare Bayanai ta 2023: idan bayanan mutane suka fita ta yadda zai iya cutar da su, awa 72 gare ku ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, kuma ga kamfanin da aka ɗauka mai muhimmanci tarar tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, wanda duk ya fi yawa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan. Duk raunin da kuka yanke shawarar jinkirtawa, a rubuta shi a takarda guda: mene ne shi, me ya sa aka jinkirta, me aka yi a madadinsa, da ranar da za a sake dubawa, sannan shugaban kamfani ko mai sashen da abin ya shafa ya sa hannu. Jinkirta gyara ɗaukar kasada ne da dukiyar kamfani, kuma ba ma'aikacin kwamfuta ne ya kamata ya ɗauke ta shi kaɗai ba. Na sha ganin manaja yana cewa a bar abu sai wani lokaci, amma da aka ajiye masa biro da takarda sai ya ce a gyara a wannan makon.

Bakanon Apapa

Ni tsohuwar kwamfutar nan ta ɗakin gwaji ce ta tsaya mini a rai. Malam, wa ya ce maka ba ta kan intanet? Ka gani da idonka, ko gaya maka aka yi?

Na tambaya ne saboda abin da ya same mu a wani kamfanin jigilar kaya da na yi wa aiki a nan Apapa. Akwai wata kwamfuta a ofishin sikeli, mai tsohuwar Windows 7, wadda kowa ya tafi a kan cewa ita kaɗai take zaune tana buga takardar nauyin tirela. Shekara biyu tana fitowa a rahoto muna tsallake ta. Ranar da na durƙusa na leƙa bayan teburin sai na ga waya biyu, ɗaya ta tafi sikeli, ɗaya shuɗiya ta bi ta ƙasan kafet ta shiga akwatin da ke haɗa ofishin akanta, kuma ɗan kwangilar da ya kafa sikelin ya bar manhajar shiga daga nesa a kunne domin kada ya riƙa shan cunkoson hanyar tashar jiragen ruwa duk lokacin da aka kira shi. Allah ne ya tsare, ba dabararmu ba.

Tambayar Malam Injiniya ta biyu tana da kyau, amma amsarta tana kan sanin abin da kuka mallaka da yadda yake haɗe, kuma a nan ne manya ma suke faɗuwa. Kamfanin Equifax na Amurka bai rasa labari ba a 2017. An fitar da facin Apache Struts, manhajar da ake gina shafukan intanet a kanta, ranar 7 ga Maris, kamfanin ya aika wa ma'aikatansa saƙo a gyara cikin awa 48, ya kuma yi bincike bai gano cewa shafinsa na karɓar ƙorafi yana ɗauke da raunin ba. Masu kutse suka shiga a watan Mayu, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita. Haka aka sha wahala da raunin Log4Shell a Disambar 2021, domin Log4j, wadda raunin yake cikinta, ba manhaja ba ce da mutum yake sane ya saka, tana lulluɓe ne a cikin manhajojin da aka saya daga wasu. Kuma WannaCry, muguwar manhajar da ke kulle fayil ta nemi kuɗin fansa, da ta ɓarke ranar 12 ga Mayun 2017, wata biyu bayan Microsoft ya fitar da maganinta, tana tsallakawa ne daga kwamfuta zuwa kwamfuta a cikin gida, har ta sa asibitocin Ingila soke dubban alƙawuran ganin likita. Raunin cikin gida yana jiran ma'aikaci ɗaya ne ya buɗe saƙon da bai kamata ba.

Sai kuma ɗaya ɓangaren. Faci ma yana da nasa haɗarin, kada garin neman gira a rasa ido. Ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawa guda ɗaya ta manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, kuma babu ɗan kutse ko ɗaya a cikin lamarin. Kafin ka taɓa sabar biyan kuɗi ka gwada facin a wani wuri, ka ɗauki kwafin ajiya, ka kuma tabbatar kwafin yana dawowa, ba wai kawai yana nan ba.

Ɗan Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarwarinku kwana biyun nan, ga abin da na samu.

Malam Bakano, ka yi gaskiya, kuma na ji kunya. Kwamfutar ba ta fita intanet da kanta, amma tana kan layi ɗaya da kwamfutocin ma'aikata, kuma wani da ya bar aiki bara ya zuba mata kwafin ainihin bayanan wakilai domin gwaji, har da lambobin waya da na BVN. Ban saka mata faci ba ma. Na goge bayanan bayan na samu izini, na zare wayar, na kashe ta, raunuka 23 suka fita daga jerin a lokaci guda.

Da na gwama rahoton da kundin KEV, raunuka 9 ne suka fito, biyu a kan na'urar VPN ɗinmu, wadda ban ma ambata muku ba domin tana shafi na huɗu. Na gyara su daren jiya. Hajiya, na kai wa mai gida lissafin awa ɗaya ta safiya, bai ƙara maganar jerin maki ba, kuma ya karɓi takardar sa hannun duk da ya ɗan yamutsa fuska.

Abin da ya rage shi ne sabar biyan kuɗi. Tana kan Windows Server 2012 R2, kuma kamfanin da ya sayar mana da manhajar da ke kanta ya ce idan muka sauya wani abu ba da saninsa ba, babu ruwansa. Ga Babbar Sallah saura mako biyar, lokacin da masu raguna suke cinikin da ya fi na wata uku. In taɓa ta yanzu, ko in bari sai bayan Sallah?

Injiniyan Yaba

Madalla da zare wayar nan, ya fi faci arha.

Game da sabar, ka raba matsalar gida biyu. Microsoft ya daina tallafa wa wannan Windows ɗin tun ranar 10 ga Oktoban 2023, sai dai ga wanda ya sayi ƙarin tallafi na kuɗi, wanda shi ma iyakarsa Oktoban 2026, don haka gyaran gaskiya shi ne ƙaura zuwa sabuwa, kuma wannan aiki ne na kasafin kuɗi da gwaji wanda ba zan shawarce ka ka fara shi mako biyar kafin Layya ba. Ka rubuta shi a takardar Hajiya da ranar farawa bayan Sallah, mai gida ya sa hannu, kuma ka aika wa masu manhajar wasiƙa a rubuce su faɗi wace Windows suke tallafawa da yaushe.

Amma jinkirta ƙaura ba ya nufin a bar ta haka. A cikin makon nan ka killace ta a layinta ita kaɗai, katangar tsaro ta hana kowa magana da ita sai na'urorin da dole su yi, ka rufe shiga daga nesa sai ta kwamfuta guda da ke neman shaida biyu, wato kalmar sirri da wata ƙarin shaida, ka kashe tsohuwar hanyar raba fayil ta SMBv1 idan tana kunne, sannan a tura bayanan shige da ficenta wani wuri inda ɗayanku zai riƙa dubawa kowace safiya. Galibin wannan ba ya bukatar a kashe ta.

Idan kuma ɗaya daga cikin 9 ɗin nan na KEV yana kanta kuma akwai facinsa, wannan ba zai jira Sallah ba. Ka ciro lissafin cinikin wata uku ka nemo awar da ta fi kowace shiru, ka sanar da wakilai ta WhatsApp kwana biyu kafin nan da Hausa da Yarabanci da Turanci, ka sa mutumin masu manhajar ya kasance a kan waya, ka tabbatar akwai mai a janareta, kuma ka gama da shi cikin mako biyu masu zuwa, tun motocin raguna ba su fara shigowa ba. Ka faɗo mana lambobin CVE da suka rage a kan sabar, ba tare da sunan kamfani ko adireshinta ba, mu duba su tare.